DAGA INA ƘARFIN NASARA YA FITO?

Jawabin da ɗanmu malamin lakwal ya yi a taron ƙungiya na bayan kaka. Mun buga shi a nan saboda ƴan uwa da ke wurin nema waɗanda ba su samu zuwa ba.



Iyayena dattawa, malamai, iyayena mata da ke zaune can baya, yayyena da ƙannena da suka zo daga Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, da waɗanda suka taso tun daga Kano da Abijan, ina gaishe ku duka, sannunku da hanya. Ina neman gafara da zan tsaya gaban waɗanda suka haife ni in yi dogon zance. Shugabannin ƙungiya ne suka ce in yi, ɗa kuwa ba a aike shi ya ƙi zuwa.

Bara, bayan an tashi daga taro, wani babana ya kama hannuna ya ce: "Mushe, kai da ka yi karatun Nasara, gaya mini gaskiya. Mutanen nan da suka zo suka ci ƙasarmu, suka yi jirgi suka yi mota, haka Allah ya halicce su da wayo fiye da kowa, ko kuwa wani abu suka sha?" Na yi dariya, na ce ya ba ni lokaci. To baba, yau ga amsarka gaban jama'a, in na yi kuskure a gyara mini.

Shekara 300 da suka wuce, mutumin ƙauye na ƙasar Faransa manomi ne kamar kakanninmu. Da hannu da dabba yake noma, yana duban sama kamar yadda muke duba. Mafi yawansu ba su iya rubuta ko sunansu ba. A yunwar 1693 zuwa 1694 mutum fiye da miliyan ɗaya suka mutu a Faransa kaɗai. Ke nan ƙarfin da muka gani wurinsu ba tsoho ba ne, yana da ranar da ya fara, kuma an san sunayen waɗanda suka fara shi. Abubuwan suna da yawa, amma na zaɓo uku: injin buga littafi, da injin tururi, da tayarwar da talakawan Faransa suka yi wa sarkinsu a 1789.

INJIN BUGA LITTAFI

Malamanmu suna nan zaune, su ne za su gaya muku watannin da ake ɗauka kafin a gama rubuta Alƙur'ani ɗaya da alƙalami da tawada. Nasara ma haka suke yi da littattafansu, da hannu. Saboda haka littafi ya zama dukiya, sai a majami'a ko a gidan sarki ake ganinsa.

Ita takarda ba Nasara suka ƙago ta ba. Mutanen Sin suka ƙago ta, Musulmi suka koya daga gare su, ta bi ta Bagadaza har Andalus, daga can ta shiga ƙasashen Turai. Mutanen Sin kuma sun daɗe suna sassaƙa rubutu a jikin katako suna bugawa. Abin da wani maƙerin fari na ƙasar Jamus ya ƙara a kai shi ne ya canja al'amari. Sunansa Gutenberg, mutumin birnin Mayans ne a bakin kogin Rin. Wajen shekarar 1450 ya sami dabarar zuba kowane harafi shi kaɗai da narkakkiyar darma haɗe da kuza, kamar yadda maƙeri ke zuba zobe. Sai ya zuba kowane harafi ɗari-ɗari. In za a buga shafi, sai a jera haruffa cikin wani akwati, a shafa musu tawada, a ɗora takarda, a danne da matsi irin wanda suke matse ƴaƴan inabi da shi. In an sami adadin da ake so, a warware haruffan a jera wani shafi da su.

Wajen 1455 ya gama buga littafin addininsu, guda wajen 180. Shi kansa bai ci riba ba. Bashi ya ci ya yi aikin, mai bin sa bashi ya kai shi shari'a, aka ƙwace masa kayan aikin. Amma dabarar ta riga ta fita. A 1470 aka kafa injin farko a Paris, kafin shekarar 1500 birane fiye da 200 na Turai suna da nasu, littattafan da aka buga kuwa miliyoyi ne.

Me wannan ya haifar? Da farko littafi ya yi arha, ɗan kasuwa da mai sana'a suka iya saye. Sannan abin da likita ya gano a Italiya sai a karanta shi a Ingila, wani ya gwada, in ya ga kuskure ya gyara ya sake bugawa. Ilimi ya daina mutuwa tare da mai shi. Amma abin bai zo da alheri kaɗai ba. A 1517 wani malamin Kirista na Jamus, Martin Luther, ya rubuta sukar shugabannin addininsu, masu inji suka buga, takardun suka bazu ko'ina cikin ɗan lokaci. Kiristocin Turai suka rabu biyu, suka yi ta yaƙi da juna. Wani yaƙin ma shekara 30 aka yi ana yinsa, daga 1618 zuwa 1648, ya cinye garuruwan Jamus da yawa. Wagga takarda ta ƙungiya da ke hannunku, ko da yake ƙaramin inji ne ya buga ta, jikanyar injin Gutenberg ce.

INJIN TURURI

Na biyu ya fito daga Ingila, kuma buƙatar da ta kawo shi kun san irinta: jan ruwa daga rami. Itace ya yi musu ƙaranci, sai suka koma ga gawayin ƙasa, irin wanda ake haƙa a Anu Araren wajen Agadas. In ramin ya yi zurfi sai ruwa ya cika shi. Da dawaki suke jan ruwan, kamar yadda makiyaya ke ja da shanu a rijiya, amma dawaki ba su isa ba.

A 1712 wani mai sana'ar ƙarfe, Thomas Newcomen, ya haɗa inji. Ku ɗauka turmi ne na ƙarfe, da taɓarya da ta cika bakinsa daidai. Ana tafasa ruwa, tururi ya cika turmin, taɓarya tana sama. Sai a watsa ruwan sanyi ciki, tururin ya koma ruwa, cikin turmi ya zama ba kome, nauyin iska ya danna taɓarya ƙasa. Taɓaryar tana ɗaure da wani dogon gungume, in ta sauka sai ɗaya bakin gungumen ya ɗago ruwa daga rami. Injin ya yi aiki, sai dai cin gawayinsa ya yi yawa.

Wani mai gyaran kayan awo a babbar makarantar birnin Glasgow, James Watt, aka kai masa ƙaramin samfurin injin nan ya gyara. Da ya duba sai ya ga inda ɓarnar take: turmi ɗaya ake zafafawa a kuma sanyaya, a sake zafafawa. Ya yi wa tururin wata tukunya dabam inda zai je ya huce, turmin kuwa ya zauna da zafinsa. A 1769 aka ba shi takardar shaidar wannan dabara. Injinsa bai cin ko rabin gawayin na farko. Daga baya ya sa shi ya riƙa juya ƙafa, to daga nan sai ya zama ana iya ɗaura masa kowane irin aiki. Sunan mutumin nan ne kuke gani a jikin ƙwan lantarki in an rubuta wat 40 ko wat 60.

Aikin da ya fi cin moriyarsa shi ne kaɗi da saƙa. Iyayenmu mata sun san zare ɗaya mace ke kaɗawa da mazari. Tun wajen 1764 wani masaƙi, Hargreaves, ya yi abin kaɗi mai jan zare 8 lokaci guda, waɗanda suka biyo baya suka kai ɗaruruwa. Da aka haɗa su da tururi sai birnin Manchesta ya cika da manyan gidajen saƙa. A 1825 aka ɗora injin bisa hanyar ƙarfe ya ja kaya da mutane, a 1830 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Manchesta da bakin teku a Libaful, wajen kilomita 50. Aka sa shi cikin jirgin ruwa, jirgi ya daina jiran iska.

Yanzu sai ku tambaye ni: talakan Ingila ya ji daɗi ke nan? A farko dai wuya ya sha. Masaƙan hannu suka rasa abinci, har a 1811 da 1812 wasu suka riƙa shiga da dare suna farfasa injuna, aka kama wasu aka rataye. Mutanen ƙauye suka kwararo birni neman aiki, kamar yadda muke zuwa ci-rani, suka cunkushe cikin ɗakunan haya. Ana aiki awa 12 ko fiye a wuni, har da yara ƙanana. Audugar kuwa mafi yawanta daga Amurka take zuwa, inda bayi baƙar fata ke noma ta. A 1860 bayin nan sun kusa miliyan 4. A 1833 majalisar Ingila ta yi dokar da ta hana sa yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a gidan saƙa. Abin da leburori suka samu daga baya, na ragin awoyi da ƙarin albashi, sun same shi ne da suka haɗa kai suka kafa ƙungiyoyi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

TALAKAWA DA SARKI A FARANSA

Na uku shi ne wanda na fi so ku saurara, domin maganar lanho ce da hatsi.

Sarkin Faransa na lokacin, Luwi na 16, an haife shi a 1754, shekara ɗaya da Shehu Usumanu ɗan Hodiyo. Na faɗi haka don ku gane zamanin. Mutanen ƙasar sun kusa miliyan 28, an kasa su kashi uku: malaman addini, da masu sarauta ƴan gado, da sauran jama'a. Kashi biyun farko ba su kai mutum 3 cikin 100 ba, amma gonaki masu yawa nasu ne, kuma babban lanho ba ya hawa kansu. Manomi shi ke biyan sarki, ya ba majami'a rabonta daga amfanin gona, ya biya mai sarautar yankinsa. Akwai harajin gishiri, a wasu yankuna har dole ne kowane gida ya sayi wani adadi a shekara. An daɗe kuma ana fitar da manoma aikin hanya ba biya. Mai sarauta na iya farauta cikin gonarka, kai kuwa ba ka da ikon kashe zomon da ke cin shukarka.

Baitulmali kuma ya ƙare. Faransa ta taimaki Amurkawa yaƙin da suka yi da Ingila bayan sun yi shelar ƴancin kansu a 1776, kuma da bashi ta yi taimakon. A 1788 wajen rabin abin da gwamnati ke kashewa biyan bashi ne. A shekarar nan kuma ƙanƙara ta kashe amfanin gona a watan Yuli, sanyi mai tsanani ya biyo baya. Burodin da iyali ke ci, mai nauyin wajen kilo 2, ya tashi daga kwabo 9 na kuɗinsu zuwa 14 da rabi a Paris, lebura kuwa kwabo 20 zuwa 30 yake samu a wuni.

Da sarki ya rasa mafita sai ya kira taron wakilan ƙasa, wanda rabon da a yi shi tun 1614. Ya ce kowane gari ya rubuto kukansa. Aka taru a ƙauyuka, wanda ya iya rubutu ya riƙe alƙalami, sauran suna faɗi. Takardun kuka dubbai aka tara, da yawansu suna nan ajiye har yau, ana karantawa. Abin da ke ciki bai wuce abin da za ku rubuta ba in an tambaye ku: lanho ya yi nauyi, a raba shi daidai, gishiri ya yi tsada, shari'a ta yi nisa kuma ta yi tsada.

Aka buɗe taro ranar 5 ga Mayu 1789 a Barsai, inda fadar sarki take. Nan da nan gardama ta tashi a kan ƙuri'a. In kowane kashi ƙuri'a ɗaya gare shi, malamai da masu sarauta za su riƙa kayar da jama'a biyu da ɗaya. Wakilan jama'a suka ce sai dai a ƙirga kawuna. Ranar 17 ga Yuni suka ce su ne majalisar ƙasa. Da suka tarar an rufe musu zaure ranar 20 ga wata, sai suka shiga wani ɗakin wasa suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai sun rubuta wa ƙasa tsarin mulki. Sarki ya fara tara soja. Ranar 14 ga Yuli mutanen Paris suka tasam ma wani tsohon gidan kaso mai ganuwa da ake kira Basti, suna neman albarushi. Suka ci shi. Fursuna 7 kaɗai suka tarar ciki, amma labarin ya girgiza ƙasa. A ƙauyuka manoma suka shiga gidajen masu sarauta suna ƙona takardun da aka rubuta abin da ake bin su.

Daren 4 ga Agusta majalisa ta soke fifikon masu sarauta. Ranar 26 ga Agusta ta fitar da takardar haƙƙin ɗan Adam, mai aya 17. Ta farko ta ce mutane duka ƴaƴa ne tun haihuwa, kuma daidai suke gaban doka. Amma ni ayoyi uku na kusa da ƙarshe nake so ku sani. Ta 13 ta ce a raba lanho bisa ƙarfin kowa. Ta 14 ta ce masu biya suna da ikon su san dalilinsa, su yarda da shi, su bi sawun inda aka kashe shi. Ta 15 ta ce jama'a na da ikon su nemi lissafi daga duk wanda aka ba riƙon aikinsu. Injin Gutenberg ya buga takardar nan, ta shiga kowane lungu.

Kada ku zaci daga nan sai zaman lafiya. A watan Oktoba matan Paris suka taka da ƙafa har Barsai saboda tsadar burodi, suka taho da sarki cikin birni. A 1792 aka soke sarauta aka kafa jamhuriya, ranar 21 ga Janairu 1793 aka sare kan sarki. Sannan masu juyin suka juya kan junansu. Cikin shekara ɗaya da ƴan watanni aka yanke wa mutum wajen 17,000 hukuncin kisa, ban da waɗanda suka mutu a kaso da wurin yaƙi, kuma mafi yawansu talakawa ne. A ƙarshe shi kansa jagoran kisan, Robespierre, aka sare nasa kan a Yuli 1794. A 1799 wani hafsan soja, Napoliyon, ya ƙwace mulki, a 1804 ya naɗa kansa sarkin sarakuna, shekarar da Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Yaƙe-yaƙensa sun ci rayuka ba adadi kafin a kayar da shi a 1815.

Duk da haka abin da aka rubuta a 1789 bai gogu ba, sai dai an daɗe kafin a cika shi. Bayin tsibirin Hayti ba su jira ba, suka tashi a 1791, suka yi yaƙi har suka sami ƙasarsu a 1804. Faransa ta soke bauta a 1794, Napoliyon ya maido ta a 1802, sai a 1848 aka soke ta gaba ɗaya. A shekarar nan ce kuma aka tabbatar wa kowane namiji ƙuri'a. Lakwal ta zama kyauta a 1881, ta zama dole a 1882 ga yaro da yarinya daga shekara 6 zuwa 13. Ikon kafa ƙungiya irin tamu sai a 1901 doka ta ba su. Matan Faransa kuwa, jikokin waɗanda suka taka zuwa Barsai, sai a 1944 aka ba su ƙuri'a, bayan shekara 155. Mita da kilo da lita da muke awo da su, su ma daga wancan juyi suka fito, a 1795, don a hana kowane mai sarauta yin mudunsa.

YADDA ABIN YA ISO MANA

Gidajen saƙa da na sabulu suna son auduga da mai, suna kuma son kasuwa. Jirgin tururi ya rage nisa. A 1820 wasu masu haɗa magani biyu a Paris suka fitar da kinin daga ɓawon itace, zazzaɓin da ke kashe Nasara a ƙasashenmu ya sami magani. A 1884 aka yi bindiga mai ruwan harsashi. Daga ƙarshen 1884 zuwa farkon 1885 suka zauna a Berlin suka shirya ƙa'idar rabon Afirka, ba ɗan Afirka ko ɗaya a zauren. Jules Ferry, ministan da ya ba ƴaƴan Faransa lakwal kyauta, yana cikin manyan masu kiran a je a ci ƙasashen wasu.

Sauran labarin kun fi ni saninsa, daga bakin kakanni kuka ji. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan za ta tafkin Cadi, ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ta yi kisa mai yawa a Birnin Ƙwanni, tana ƙona garuruwa. Da labari ya kai Paris aka aiko wani babban hafsa, Klobb, ya tsayar da su. Ya cim musu a Dankori, ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Kun san ranar? 14 ga Yuli 1899, shekara 110 cif bayan cin Basti. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe su biyun wajen Maijirgi, amma sauran rundunar ta ci gaba, ta shiga Damagaram a ƙarshen watan.

Daga nan aka ɗora wa kakanninmu abin da manoman Faransa suka yi kuka a kansa: lanhon da ba a shawarce su ba, da aikin hanya na dole. Kumandan yana da ikon rufe mutum kwana 15 ba shari'a. Kowace shekara kuma a tara mutane da dawaki a bariki ranar 14 ga Yuli, ana bukin ƴancin da ba a ba su ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Maraɗi da Damagaram ta riƙa bi ta can zuwa teku, akoko na injin Nasara ya cika kasuwanni yana karya masaƙanmu. Aikin dole sai a 1946 aka soke shi, da dokar da Houphouët-Boigny ya kai gaban majalisar Faransa. Shi da ƴan uwansa wakilan Afirka sun yi lakwal, sun karanta takardar 1789, da ita suka kama Nasara da bakinsu. Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta sami mulkin kai.

ABIN DA YA SHAFE MU

To baba, ka ji. Ba abin da suka sha. Maƙeri ne da mai gyaran kayan awo da manoma masu kukan lanho, kowa ya ɗora bisa abin da wani ya bari a rubuce. Inji ya ba ƙasashensu ƙarfi, amma talakansu bai ga amfanin ƙarfin ba sai da ya iya karatu, ya haɗa kai da ɗan uwansa, ya ce a kawo lissafi. Inda ba a yi haka ba, ƙarfin nan kan talaka ya faɗa, can da nan duka.

Na san gobe za a yi shawara a kan kuɗin da ƴan uwa na waje suka tara, wasu na son injin niƙa, wasu na son famfo. Kowanne aka saya alheri ne, iyayenmu mata sun gaji da daka da jan guga. Amma duk mun ga garuruwan da aka kai wa inji, ya yi shekara ɗaya ya tsaya, aka nemi kuɗin gyara aka rasa, ba wanda ya san abin da ya shiga ko abin da ya fita, zumunci ya ɓaci a kai. Waɗanda ke aiko da kuɗin nan da gumi suka same su, wani dako yake yi, wani gadi, wani tallan ruwa. Saboda haka ina roƙon abu uku.

A sayi littafi babba, kowace dala da ta shiga ko ta fita a rubuta ta da ranarta, a karanta shi da ƙarfi a kowane taro, a buga shi cikin wagga takarda don na nesa su gani. Mai riƙon kuɗi kada ya ji haushi in an tambaye shi, wannan kariya ce gare shi daga zargi.

Kafin a yanke abin da za a saya, kowace unguwa ta zauna ta faɗi kukanta a rubuta, mata ma a ji nasu, tunda su ne za su yi aiki da abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da manyan ɗalibaina mun ɗauki nauyin rubutun, da boko ko da ajami, yadda kowa ya so.

Na ƙarshe, yaran da ake cirewa daga lakwal in damina ta kama ko in an tashi tafiya ci-rani, a bar su su gama, maza da mata. Karatun allo yana nan, ba wanda ya ce a bar shi, ni ma da shi na fara. Amma wanda zai karanta takardar injin nan ya san inda ya lalace, da wanda zai riƙe littafin kuɗi bayan mu, cikin yaran nan suke.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure nawa ne, iyayena ku gafarce ni. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da matafiya gidajensu lafiya, ya ƙara haɗa kanmu. Wassalamu alaikum.